Idan Ka Taso Daga Nutso Ba Ka Ga Jirgi Ba: Kayan Neman Ɗauki da Yadda Ake Aiki da Su

Tun da na fara ba da labarin nutson da muke yi da tukunyar iska a Bahar Maliya, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa, musamman daga 'yan uwa masu karatu a Masar da masu aiki a Jidda waɗanda suka fara koyon abin: to idan mutum ya taso sama ya tarar jirgin da ya kawo shi ba ya kusa fa? Na amsa wa mutum ɗaya-ɗaya har na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Abin da za ka fara sa wa a ranka shi ne, sau da yawa jirgin bai je ko'ina ba. Kana hangensa sarai, har da mutanen da ke kai da kawo a kansa. Su ne ba sa ganinka. Kanka a bisa ruwa bai wuce ƙwarya ba, kayan jikinka baƙaƙe ne, taguwa mai tsayin rabin mita ta isa ta riƙa rufe ka tana buɗewa. Ga kuma gudun ruwa. Idan ruwa na gudun kilomita 4 a awa, cikin minti 30 ya kai ka kilomita 2 daga inda ake dubanka, kuma babu mai iyon da zai ja da irin wannan ruwan da tukunya a bayansa.

Na ɗanɗana, shi ya sa nake faɗa. Wata rana a kudancin Marsa Alam ta Masar na bar balan-balan ɗina na alama, wanda ake hurawa don jirgi ya hango mutum, a jaka saboda an ce nutson mai sauƙi ne. Muka taso ni da abokin nutsona, jirgi na can kamar akwatin ashana. Ya yi ta busa usur har jijiyoyin wuyansa suka tashi, amma iska daga wajen jirgin take busowa, tana maido mana da ƙarar. Minti 40 muka yi a haka. Abin da ya fisshe mu takalmin iyonsa ne mai ruwan ɗorawa, da ya cire ya ɗaga sama har wani ƙaramin jirgin roba na wasu mutane daban ya hango.

Mataki na 1: Sayen kaya

Kada ka fara da na'ura mai tsada. Yawancin waɗanda ruwa ya ja da kayan araha ake gano su. Farashin da zan faɗa ƙiyasi ne da dalar Amurka, yana hawa yana sauka.

Na farko balan-balan ɗin alama, wanda a jirgi za ka ji ana ce masa SMB. Doguwar jaka ce mai ruwan goro ko ruwan ɗorawa da ake hurawa ta miƙe tsaye a kan ruwa. Mai tsawon mita 1.2 ya isa a ruwa mai kwanciya, amma in za ka fita tsakiyar teku nemi mai mita 1.5 zuwa 1.8. Akwai mai buɗaɗɗen gindi, wanda da zarar ya kwanta iskarsa ta zube. Kada arha ta ja ka gare shi. Sayi wanda gindinsa ke rufe kansa, ko rufaffe ruf mai bawul ɗin fitar da rarar iska. Dala 30 zuwa 80.

Sai kwarkwaron igiya mai mita 20 zuwa 30, dala 15 zuwa 40. Sai usur marar ƙwallo a ciki, domin mai ƙwallon nan irin na alƙalin wasa in ruwa ya shige shi sai ya shaƙe. Dala 10 ta ishe ka. Sai madubin alama mai huda a tsakiya, shi ma wajen haka. Tsohon faifan CD yana yi in babu, amma gishiri na ɓare masa fuska da wuri. Sai tocilar ruwa, ko da rana tsaka za ka shiga, daga dala 50 zuwa sama. Sai almakashi ko 'yar wuƙar yanka igiya. Duka waɗannan, in ba ka bi na ƙawa ba, ba za su wuce dala 200 ba.

Bayan su ne ake maganar sahu na biyu: hon da ake haɗawa da tiyon rigar iska (rigar da ake hurawa ta riƙe mai nutso a ruwa), dala 50 zuwa 100, fitila mai walƙiya, garin rini mai mai da ruwa kore shar, na'urar da ke aika wa jiragen kusa inda kake, wajen dala 200 zuwa 250, da na'urar tauraron ɗan adam da ake kira PLB, dala 300 zuwa 450, ban da gwangwanin da za a sa ta, wanda shi ma yakan kai 100.

Gargaɗi: in jirgin sama za ka hau, batura masu lithium a jakar hannu suke tafiya, wuƙa da almakashi kuma a babbar jaka. Harsashin wuta da hayaƙin neman ɗauki ba a hawa jirgin sama da su sam. Wasu ƙasashe kuma, irin su Indiya, sun hana shiga da na'urorin aika saƙo ta tauraron ɗan adam ba da izini ba, don haka ka bincika dokar inda za ka tun kafin ka ɗaure kaya.

Mataki na 2: Maƙala su a jiki

Kayan da ke cikin jaka a jirgi ba naka ba ne. Naka shi ne wanda hannunka zai kai gare shi ido a rufe.

1. Warware igiyar sabon kwarkwaro gaba ɗaya, ka tabbata ƙarshenta a ɗaure yake da kwarkwaron. Ba kowane kamfani ke ɗaurewa ba. Sannan ka naɗe da ƙarfi. In ta cika har ta rufe hudojin gefe, yanke kaɗan, domin a nan ƙugiya ke kamawa.
2. Ɗaura igiyar a zoben balan-balan tun a jirgi, ka naɗe shi ka ɗaure da roba, ka sa su tare a aljihu ɗaya.
3. Ɗaure usur da ɗan gajeren kirtani a kafaɗar rigar iska, inda bakinka zai kai gare shi ba sai ka kwance ba.
4. Madubi da rini su shiga ɗaya aljihun, kowanne da kirtaninsa a ɗaure a ciki. Hannun da ya yi awa a ruwa ba ya riƙe abu.
5. Tocila a zoben ƙirji, a danne ta da roba kada ta yi ta reto.

Gargaɗi: kada ka bar kwarkwaro yana lilo a waje da ƙugiya ɗaya. Ƙugiyar na iya zamewa, igiya mita 30 ta warware a bayanka ba ka sani ba, ta naɗe maka ƙafa ko ta sarƙe a murjani.

Mataki na 3: Tambayoyin da za ka yi kafin ka shiga ruwa

A watan Janairun 1998 wani jirgin nutso ya baro wasu ma'aurata 'yan Amurka a babban dutsen murjanin Ostiraliya ya koma gida, saboda an yi kuskure a ƙirgen mutane. Sai bayan kwana biyu aka farga, da aka ga jakarsu a jirgi. Ba a same su ba har yau. Babu balan-balan ko madubin da zai yi maganin jirgin da bai san ya bar ka ba, don haka wannan matakin da baki ake yinsa.

Tambayi jagoran nutso yadda suke ƙirga mutane. Kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da bakinsa ko ya sa hannu, shi ne daidai. Ƙirga kawuna daga nesa ba ƙirge ba ne, balle ƙirga tukwane. Tambayi ko akwai wanda aikinsa kawai duban ruwa ne muddin kuna ƙasa, da ko akwai ƙaramin jirgin da zai bi wanda ruwa ya ja. Tambayi inda ruwan ke gudu yau, da minti nawa za su jira kafin su fara nema. In kana da na'urar aika wa jirage saƙo, nuna wa kyaftin, ka tambaye shi ko jirginsa na da abin karɓar AIS, wato tsarin da jirage ke ganin inda juna suke a allo, kuma ko a kunne yake.

Ku kuma daidaita kan launi. A wajen wasu masu nutso, musamman Turawa masu zuwa zurfi, ruwan goro na nufin lafiya lau, ga ni nan tafe, ruwan ɗorawa kuma na nufin akwai matsala. Ba kowa ke bin wannan ba. In naka ruwan ɗorawa ne, faɗa tun da wuri kada ka tayar da hankalin jirgi a banza.

Wata dabara da ba ta cin ko sisi: ka gaisa da wani a jirgin wanda ba abokin nutsonka ba, ku san sunan juna, ku yi alkawarin kowa zai duba ɗan uwansa kafin a tayar da inji. Baƙon da bai yi magana da kowa ba shi ake mantawa.

Gargaɗi: kada kunya ta hana ka waɗannan tambayoyin. In aka amsa maka da dariya ko da "kada ka damu", to ka damu.

Mataki na 4: Harba balan-balan daga ƙarƙashin ruwa

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi jin ciwo. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka gwada wannan sau da yawa a ruwa marar zurfi, gaban malami, kafin ranar da za ka buƙace shi.

Tukuna, yaushe ake harbawa? Da yawa suna jira sai sun zo tsayuwar minti 3 da ake yi a zurfin mita 5 kafin a fito, don kare lafiya. A nutson yau da kullum babu laifi. Amma da zarar ka ga ruwa ya raba ka da dutsen murjanin da kake bi, shuɗi kawai kake gani ko'ina, harba nan take ko kana mita 15. Kowane minti da ka ƙara a ƙasa ba alama a sama, nisa kake ƙarawa, jirgi kuma yana can yana duban inda ba ka. In abokinka ne ya ɓace maka, ka duba kewaye minti ɗaya kacal, sannan ka fara shirin tasowa.

1. Tsaya cak a zurfi ɗaya. Dubi sama ka tabbata babu mutum ko jirgi a kanka.
2. Ciro balan-balan da kwarkwaro, warware jakar, cire ƙugiyar ka maƙala ta a zoben ƙirji.
3. Miƙa hannuwanka gaba, nesa da jiki. Naɗe duk wata sakakkiyar igiya. Duba kada ta ratsa ta bayan tiyo, ko agogo, ko yatsa.
4. Rage iskar rigarka kaɗan, don jakar za ta fara ɗaga ka tun tana hannunka.
5. Hura. In da baki ne, ja numfashi, cire abin shaƙar iska da ke bakinka ka riƙe shi a hannu, hura rabin abin da ke ƙirjinka, ka mayar. Kada ka juye numfashinka duka, kana buƙatar saura don fitar da ruwa daga abin shaƙar. In mai buɗewa ta ƙasa ne, yi amfani da abin shaƙa na biyu, ka ɗan danna a bakin jakar ba tare da ka cusa shi ciki ba.
6. Da ka ji tana ja, saki. Riƙe kwarkwaron sako-sako tsakanin babban yatsa da manuni ya yi ta juyawa.
7. In ya tsaya da juyi, jakar ta kai sama. Naɗe rarar igiya ka ɗan ja ƙasa. Wannan jan ne ke sa ta miƙe tsaye. In ka saki, kwanciya za ta yi, kwantacciya kuwa ba a hango ta.
8. Taso kana naɗewa, kada ka wuce mita 9 zuwa 10 a minti. Yi tsayuwarka a mita 5 in iska ta ishe ka.

Iska nawa za ka sa? Iska na kumbura tana hawa. Daga mita 10 ninkawa take yi, don haka rabin jaka ya isa ta cika a sama. Daga mita 5 sai ka cika kashi biyu cikin uku, wanda a babbar jaka zai fizge ka kafin ka gama. Shi ya sa harbawa daga mita 10 ta fi sauƙi a kan daga mita 5, ko da yake sabon shiga yakan ɗauka akasin haka ne. In ba ta cika ba, ƙarasa hurawa in ka fito.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a wannan rubutun: kada ka taɓa maƙala kwarkwaro a jikinka lokacin harbawa, kada ka naɗa igiya a hannu. In ta sarƙe, saki komai ya tafi. Jakar da ta fizgi mutum daga mita 15 zuwa sama cikin daƙiƙoƙi na iya fasa masa huhu ko ta tara masa kumfar iska a jini. Haka in jirgi ya bi ta kan igiyar farfela ta kama.

Mataki na 5: Minti biyar na farko a sama

Kafin ka nemi a gan ka, tabbata kana yawo a kan ruwa ba da wahala ba. Cika rigarka da iska. Bar gilashi a fuska, abin shaƙa ko bututun numfashi a baki, ka juya wa taguwa baya. Kada ka ɗage gilashi zuwa goshi, taguwa ɗaya za ta tafi da shi, idon da gishiri ya cika kuwa ba ya hangen jirgi.

In kana shan wahalar tsayawa a sama, ko ka ga jiran zai yi tsawo, zubar da dalmar da ka ɗaura a ƙugu don ta nutsar da kai. Dubi ƙasa kada akwai mutum, ka cire, ka miƙa hannu gefe, ka saki. Mutane na jin nauyin yin haka don dalmar ta haya ce, za a ce su biya. Biya. An sha tsamo gawar mai nutso da dalmarsa cif a ƙugu. In rigarka na riƙe ka da kyau, kana iya rage guda ɗaya ƙarama ka rataya a gindin balan-balan, za ta tsayar maka da shi ba sai hannunka ya gaji ba.

Sannan ku haɗu wuri ɗaya, ku maƙala rigunanku da ƙugiya ko guntuwar igiya. Mutum huɗu a dunƙule sun fi saurin ganuwa a kan kawuna huɗu a warwatse. A 2008 ruwa ya ja wasu Turawa biyar a yankin Komodo na Indonesiya, dare ya yi musu a teku, amma ba su rabu ba har suka fita a tsibirin Rinca, aka same su bayan kwana biyu duka da rai.

Dubi agogo ka riƙe lokacin. A irin wannan hali minti 10 kan zama kamar awa, hankali kuma ya fi kwanciya in ka san ainihin abin da ya wuce.

Gargaɗi: hannu a bisa kai, kamar ka yi zobe, shi ne "lafiya nake". Kaɗa hannu sama da ƙasa shi ne "a kawo ɗauki". Kada ka ɗaga wa jirgi hannu da sunan gaisuwa, kuma kada ka ba da alamar lafiya alhali kana son a zo a ɗauke ka yanzu.

Mataki na 6: A gan ka

Cika balan-balan tam, ka ja gindinsa ƙasa da ruwa kaɗan ya tsaya, ka riƙa kaɗa shi a hankali hagu da dama. Ido ya fi kama abin da ke motsi. Lokacin da taguwa ta ɗaga ka shi ne lokacinka, a nan za ka miƙa shi iya tsawon hannu.

Madubi ya fi komai nisan zango in akwai rana, ana hango walƙiyarsa daga kilomitoci masu yawa, amma sai an iya saiti. Miƙa hannu ɗaya, ka buɗe yatsu biyu, ka sa jirgin a tsakaninsu. Riƙe madubin da ɗaya hannun dab da idonka, ka juya shi har hasken ya sauka a kan yatsun. Sai ka riƙa ɗan girgiza shi hasken na ratsa tsakanin yatsun yana komawa. Ko ba ka ga kowa ba, riƙa share gefen sama da hasken lokaci-lokaci, mai yiwuwa akwai wanda ke sama da kai da ba ka hango ba. Gwada wannan a tsakar gida da bangon maƙwabta kafin tafiya, minti 10 ya isa ka kama hannu.

Matsala ita ce in rana na bayanka, jirgi na gabanka, musamman da la'asar sakaliya. Masu nemanka suna kallon cikin ƙyallin rana, madubin kuma ba ya samun kwana. A nan sai ka koma ga ƙara da tocila.

Rini na jirgin sama ne. Daga kan jirgin ruwa da wuya a ga tabon, amma daga jirgi mai saukar ungulu kore ne shar a kan shuɗi.

Gargaɗi: kada ka zuba rini don ka ji tsoro. Sau ɗaya ake amfani da shi, taguwa kuma na wanke shi. Jira sai ka ji ko ka ga jirgin sama. Madubi ma, da zarar matuƙi ya nuna ya gan ka, daina haska masa ido.

Mataki na 7: A ji ka

Ihu ɓata makogwaro ne, injin jirgi ya fi ka murya. Busa usur sau uku, ka tsaya ka saurara, ka sake. In iska daga wajenka take zuwa jirgi, ƙarar za ta kai. In akasin haka ne, kada ka ƙarar da numfashinka, jira sai jirgin ya juyo ko ya kashe inji.

Hon ya fi usur nisa nesa ba kusa ba, amma da iskar tukunyarka yake aiki. Wannan na cikin dalilan da ake cewa ka fito da aƙalla bar 50 a ma'aunin iskar tukunya. Danna shi gajere-gajere.

Gargaɗi: ƙarar hon na iya lalata ji. Miƙa shi nesa, ka juya bakinsa gaba, ka faɗa wa abokinka kafin ka danna. In za ka iya, tsoma kunnuwanka cikin ruwa.

Mataki na 8: Na'urori

Iri biyu ne, aikinsu ba ɗaya ba, kuma rashin sanin bambancin ya sa wasu sun sayi wadda ba ita suke buƙata ba.

Ta farko, irin su Nautilus LifeLine, jiragen da ke kusa take kira. Tana karɓar inda kake daga GPS ta watsa ta hanyar AIS, sai ka bayyana a allon duk jirgin da ke da abin karɓa. Ana nutso da ita har zurfin mita 130 muddin murfinta a rufe yake. Kamfanin na ambaton nisan kilomita 55, amma wannan sai eriyar mai karɓa tana can sama sosai. Kai da kake kwance a ruwa, ga taguwa, ka sa ran kilomitoci kaɗan in ƙaramin jirgi ne. In ka fito: buɗe murfi, miƙe eriya, kunna, ba ta lokaci ta kama GPS, danna maɓallin neman ɗauki, ka ɗaga ta tsaye iya tsawon hannu.

Ta biyu, PLB, tauraron ɗan adam take kira a kan zangon rediyo na megahertz 406, ta tsarin Cospas-Sarsat na ƙasa da ƙasa. Ba a biyan kuɗin wata, tana aiki ko'ina a duniya, kuma an ƙera ta ta yi aƙalla awa 24 tana aikawa. Sai dai saƙon ba jirginka yake zuwa ba, cibiyar ceto yake zuwa, daga can a nemi wanda zai fito. Wannan kan ɗauki sa'o'i. Ba a ƙera ta don zurfi ba, dole sai cikin gwangwaninta. Dole kuma a yi mata rajista, domin kowace na ɗauke da lambar ƙasa. Wadda aka sayo a Amurka lambar Amurka gare ta, sai dai dillali ya sauya. A Najeriya hukumar NEMA ce ke riƙe da cibiyar karɓar irin wannan saƙon a Abuja. A rajistar ka sa lambar wanda ya san inda ka tafi, domin shi za a fara kira.

Wacce za ka saya? A wuraren da jirage ke cunkushe kamar Hurghada da Sharm el-Sheikh, ta farko ta fi amfani, don mai ɗaukarka yana kusa. A tsibiran Brothers da dutsen murjanin Daedalus da ke tsakiyar teku, ko duwatsun da ke gaban Port Sudan inda za a wuni wani jirgi bai gifta ba, ni dai ba na shiga sai da duka biyun.

Gargaɗi: kada ka buɗe murfin ko gwangwanin a ƙarƙashin ruwa. In ka kunna PLB, bar ta a kunne, eriya sama, ba cikin ruwa ba. Kashewa da kunnawa don tattalin batir rikita masu nema yake yi. In kuma ta tashi bisa kuskure, kashe ka sanar da hukuma nan take.

Mataki na 9: In jira ya yi tsawo

Shin ka yi iyo ko ka tsaya? In gaɓa na kusa kuma kana ganin kana matsowa, kwanta rigingine ka yanka ruwan a karkace, kada ka tunkare shi. Ka kuma lura da inda taguwa ke fashewa a kan murjani, wurin na yanka kamar reza. In ba haka ba, tsaya. Masu nema daga inda aka gan ka na ƙarshe suke lissafi su bi gudun ruwa, iyo kuma na cinye ƙarfi da ɗumin jiki.

Sanyi na kama mutum ko a Bahar Maliya. Ruwanta a arewa kan sauka wajen digiri 21 ko 22 da hunturu, ruwa kuma na zuƙe zafin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu. Kada ka cire rigar roba ko hula. Naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, hannuwa a hammata, in kuna da yawa ku manne da juna. Kada ka sha ruwan teku ko kurɓi ɗaya. Na Bahar Maliya ma ya fi na yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita. 'Yar jakar ruwan sha mai laushi a aljihu ba ta da nauyi, ni ina sa ta in za mu yi nisa.

Da dare, cusa tocila a gindin balan-balan ko ka haska shi daga ƙasa, sai ya zama doguwar fitila ja. Fitila mai walƙiya a ɗaure ta a samansa. Tocilar kuwa a tattala, mutum ɗaya ya kunna tasa, sauran su ajiye. In kun ga hasken jirgi: gajere uku, dogo uku, gajere uku. Mutane kan ji tsoron dare, amma haske a baƙin teku ya fi ƙwarya a cikin taguwa saurin ganuwa.

Ku riƙa magana, kuna duba wanda ya yi shiru. A minti 40 ɗin nan nawa addu'ar Annabi Yunus na yi ta maimaitawa, na kuma lura ita ce ta daidaita mini numfashi har na daina haɗiyar ruwa.

Mataki na 10: In ɗauki ya iso

Kada ka yi iyo ka tari jirgin, bari ya zo ya tsaya. Gilashi a fuska, abin shaƙa a baki, ka nisanci bayansa inda farfela take. Naɗe igiyarka kafin ya matso. Kana hawa ka faɗi ku nawa ne, ko akwai wanda ba a gani ba. Faɗi zurfin da ka kai, da ko ka tsallake tsayuwa. In kana jin ciwon gaɓoɓi, ko jiri, ko wani sashe na jiki ya mutu, nemi a sa maka iskar oksijin a kira likitan nutso, kada ka ce gajiya ce. In ka kunna wata na'ura, kashe ta yanzu, a kuma sanar ta rediyo cewa an same ku, don a dakatar da masu nema.

A gida, jiƙa komai a ruwan daɗi. Zuba ruwa cikin balan-balan ka girgiza ka zubar, ka hura shi ya bushe a inuwa, ka bar shi a hure ya kwana. In da safe ya saki, yana yoyo. Warware igiya ta bushe kafin ka naɗe. Cire zoben robar tocila da na gwangwani, ka goge yashi da gashi, ka shafa man silikon kaɗan. Ranar ƙarewar batirin PLB a rubuce take a jikinta, kwafe ta a shafin farko na littafin da kake rubuta nutsonka.